Ranar da Waliyyu Ya Nemi Auren Manoman Albasa

Abin da Mufida ta fara gani a jikin mutumin da za ta aura shi ne tafin ƙafarsa. Sauran jikin yana ƙarƙashin tebur, yana kokawa da wayoyin kwamfuta.

"Salamu alaikum," ta ce daga bakin ƙofa.

"Wa alaikumus salam. In cajin waya ne, a ƙasa ake yi."

"Ni ce sabuwar ma'aikaciya. Mufida Sahabi, daga Maiyama."

Waliyyu ya yunƙura zai miƙe, ya manta akwai tebur a samansa. Ƙarar da kansa ya yi sai da mai shagon taki na ƙasa ya ji. Ya fito yana dafe da ƙeya, ya ɗaga ido, ya ga doguwar yarinya da mayafi mai launin ɓawon albasa tana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Kwamfutar ce ta ƙi tashi?" ta tambaya.

"Tun safe. Ina jin wani abu ya ƙone a ciki."

Ta miƙa hannu ta danna makunnin bango. Kwamfutar ta yi tari, ta tashi.

Daga kusurwa wani mutum mai furfura ya sauke tabarau. Malam Gado ke nan, mai ofishin. "Waliyyu, mi nike hwaɗa maka kullum? Kahin ka zargi na'ura, ka dubi bango. Maraba da zuwa, ɗiyata. Kin ci jarrabawa tun ba a ba ki takarda ba."

Wannan ya faru a shekarar da jihar Kebbi ta cika shekara sha bakwai, lokacin da yawancin mutanen Jega ke ɗaukar duk mai zama gaban kwamfuta a matsayin mai buga katin biki. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene: kwamfuta uku, fanka mai ciwon wuya, da janareta mai ra'ayin kansa. A nan suke rubuta manhaja. Babban aikinsu na wata ƙungiyar manoma da dillalan albasa ne. Kowace safiya manhajar na aika wa mutum dubu da ɗari huɗu, daga Aliero zuwa Maiyama har Jandutsi, saƙon farashin buhu. Kowane saƙo da sunan mai wayar yake farawa, don Alhazawa sun ce ba sa son a yi musu magana kamar awaki. A bar gurbin suna kawai, manhaja ta cike.

Malam Gado yana da ƙa'idoji, ya rubuta su da alli a jikin ƙofa. Kada a taɓa manhaja ranar Juma'a, domin in ta lalace babu wanda zai gyara ta sai shaiɗan. Duk abin da ka canja, ka rubuta a littafin miƙa aiki kafin ka sa takalmi. Idan wani ya ce, "Ai a tawa kwamfutar yana aiki," sai Malam ya ce, "To ɗauko ta mu kai ma Alhaji." A can ƙasa kuma, da manyan haruffa: kada ka rubuta a gwaji abin da ba za ka iya karantawa gaban surukinka ba.

"Wannan ta ƙarshen fa, Malam?" Mufida ta tambaya ranar farko.

"Kowace ƙa'ida da kika gani a nan, wani yat taɓa kuka a kanta."

Manhajar tana da jeri biyu. Akwai na gaske, mai ɗauke da lambobin manoma. Akwai na gwaji, mai lamba ɗaya tak, ta wata tsohuwar waya da ke kwance a aljihun tebur, an ɗaure ta da roba. Aka ba Mufida kula da wayar, aka sa sunanta a jerin. Duk gyaran da Waliyyu ya yi, sai ya aika saƙon gwaji, ita kuma ta duba ko ya iso lafiya.

Makon farko saƙon yana cewa, "Mufida, gwaji gwaji." Mako na uku ta buɗe aljihun tebur ta karanta:

"Mufida, gwaji. Ƙeyata ta warke, na gode da tambayar da ba ki yi ba."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗauki littafin miƙa aiki ta rubuta: "Saƙo ya iso. Mai aikowa yana da surutu."

Bayan wata biyu kalmar gwaji ta ɓace gaba ɗaya.

"Mufida, Hasken Allona, yau kin yi shiru. Ko fanka ce ta ɓata miki rai in sauke ta?"

Da yamma, daga motar Maiyama, amsa ta shigo wayarsa:

"Na Ƙarƙashin Tebur, ka bar fanka ta sha iska. Yunwa ce kawai. Kuma ka gyara layi na arba'in a manhajar, ka maimaita abu ɗaya sau biyu kamar mai roƙo."

"Ai roƙon nake yi."

"To ka iya shi tukuna."

Tsakanin teburinsa da nata bai fi taku uku ba, amma da baki ba su wuce gaisuwa da maganar aiki. Mutane kan ɗauka irin waɗannan kwanaki ba sa ƙarewa, shi ya sa suke sakaci da su. Malam Gado dai yana gani yana shan shayinsa. Sau ɗaya kawai ya ce, "Manhajar nan ban taɓa ganin an gwada ta kamar bana ba. Allah shi ƙara himma."

Labari ya kai Maiyama, kamar yadda ya saba kaiwa, ba tare da wani ya aika shi ba. Alhaji Sahabi, mahaifin Mufida, babban dillalin albasa ne kuma mataimakin shugaban ƙungiyar. Mutum ne da bai yarda da sana'ar da ba a iya ɗora ta a kan mota ba.

"Yaron nan na unguwar Jega Firchin, mi shike sayarwa?" ya tambaye ta wata safiya.

"Manhaja yake rubutawa, Baba. Shi ya rubuta wadda ke kawo maka farashi."

"Wato danne-danne. Ni na bar ki kin yi boko, na bar ki kina aiki, mutane sunka yi ta magana ban kula ba. Amma aure ba danne-danne ba na. Ga Idris, ɗan Alhaji Sabo, motoci ukku shike da su kan hanya. In kin ƙi shi ban tilasta ki. Amma wanga sai na ga abin da shike da shi a ƙirji, tunda ba shi da komai a hannu."

Idris mutum ne da ke shiga zance da mukullin mota a hannu, yana juya shi har ya fita.

Ranar wata Alhamis da la'asar Malam Gado ya ce ta aika wa manoma sanarwar taro. Waliyyu ya tafi sayo man janareta. Ta juya manhajar daga jerin gwaji zuwa jerin gaske, ta aika, saƙo ya tafi lafiya. Tana cikin haka direban motar Maiyama ya fara danna oda a ƙasa, kuma gobe sunan ɗan yayarta, an ba ta hutu har Litinin. Ta ɗauki jaka, ta sa takalmi, ta sauka da gudu. Ba ta mayar da manhajar jerin gwaji ba. Littafin miƙa aiki kuma yana nan a rufe.

Safiyar Juma'a Waliyyu ya zo da wuri, da sabon aski da shawarar da ya yi sati uku yana juyawa. Zai ajiye mata saƙo a wayar aljihun tebur, ta tarar ranar Litinin. Ya dubi littafi, bai ga an rubuta komai ba. Ya bar gurbin suna kamar kullum, ya rubuta:

"tun ranar da na fara ganin ki ban ƙara zama daidai ba. Ba ni da mota, ba ni da gona, amma ina da zuciyar da ba ta san kowa ba sai ke. Ina so in aure ki. Idan kin amince, ki zo ofis ranar Litinin da launin ɓawon albasa a kanki, zan gane. Naki, Waliyyu."

Ya yi bisimilla ya danna.

A ƙasan allo akwai lambar da ke nuna adadin saƙon da ya tafi. Kullum a ɗaya take tsayawa. Yau ta nuna ɗaya, ta nuna biyu, ta nuna sittin.

Waliyyu ya zuba mata ido kamar wanda ya ga maciji a cikin takalminsa. Ɗari uku. Ɗari bakwai. Ya yi tsalle ya fizge wayar bango, allo ya mutu, amma ya fi kowa sanin cewa saƙon ya riga ya bar ɗakin. Ya jawo aljihun tebur. Tsohuwar wayar tana kwance shiru. A duk faɗin ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, ita kaɗai ce ba a nemi aurenta ba.

Malam Gado ya shigo ya same shi zaune a ƙasa. Ya kunna kwamfuta, ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

"Innalillahi. Mutum nawa?"

"Dubu da ɗari huɗu da sha biyu."

"Waliyyu, Musulunci huɗu yab ba ka."

Amsoshi suka fara shigowa kafin a yi kiran sallar Juma'a. Wani daga Dangamaji ya rubuto, "Ni namiji na, da mata ukku da jikoki. Ka ji tsoron Allah." Wani ya ce, "To nawa buhu yau?" Wata tsohuwa mai sayar da irin albasa, Gwaggo Gudiya, ta sa aka rubuta mata cewa ta amince, amma ba ta iya hawa bene.

A Maiyama ana tsakiyar hidimar suna, sai Bushira, 'yar kawun Mufida, wadda ke da lamba a ƙungiyar saboda 'yar gonarta, ta ja ta ɗaki tana rufe baki da mayafi.

"Mufi, ki rantse ba za ki ji haushi ba. Wallahi ban taɓa ba shi fuska ba. Sau ɗaya ma na taɓa ganin shi."

Mufida ta karɓi wayar. "Bushira, tun ranar da na fara ganin ki..." Ta karanta har ƙasa, har sunansa. Yarinyar da ke gano kuskure a layi dubu ba ta iya tunanin komai ba a lokacin, domin ilmi ba ya shiga inda kishi ya riga ya zauna. Ta shige banɗaki ta rubuta masa:

"Allah ya sanya alheri kai da Bushira. Ashe gwaji kake yi da ni."

Ta kashe wayar.

Bayan la'asar Alhaji Sahabi ya dawo daga kasuwar Aliero, rawaninsa a karkace. Bai amsa barka da suna ba. Ya tsaya tsakar gida ya kira ta, ya miƙa mata wayarsa.

"Karanta. Da ƙarhi."

"Alhaji Sahabi, tun ranar da na fara ganin ki ban ƙara zama daidai ba..." Muryarta ta ƙare.

"A tsakiyar kasuwa! Idris yah hau bisa buhu shina karanta ma jama'a, har da lanƙwasa murya. Masu dako suna ce mani amarya. Ni! Shekara arba'in ina ciniki a Aliero ba wanda yat taɓa yi mani dariya. Wanga shi na mutumin da kika so? In ya kasa tsare saƙo guda, ɗiyar mutum zai tsare? Ke da ohishin nan har abada."

Mufida ta tsaya da wayar a hannu. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, don ta gane ba Bushira aka rubuta wa ba, gurbin suna ne ya yi aikinsa. Amma kafin ta yi numfashi wani nauyin da ya fi shi ya hau, domin ta tuna jerin da ta bar manhajar a kai ranar Alhamis.

Washegari shugabannin ƙungiya suka kira Malam Gado da Waliyyu zuwa Aliero. Dattawa goma sha ɗaya a kan tabarma, kowanne an nemi aurensa. Alhaji Sahabi ne ya yi magana, kuma bai rage komai ba. Ya kira Waliyyu sakarai, ya kira shi mara tarbiyya, ya ce ko jakin da ke kai albasa kasuwa ya san ƙofar da zai tsaya.

"Kai ɗai ka yi wannan aika-aika, ko da hannun wani?"

Waliyyu ya riga ya duba rajistar manhajar, inda take rubuta duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. Ya ga sunan da ke wurin, da ƙarfe biyar saura kwata na Alhamis. Ya kuma san in sunan ya fito a wannan zama, gobe ita ce waƙar masu dako.

"Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe. Ni na juya, ni na manta, ni na aika."

Malam Gado ya dube shi ta saman tabarau. Dattawa suka yanke cewa in ana so aiki ya ci gaba, yaron nan ya bar ofis.

A hanyar komawa Jega, cikin mota, Malam ya ce, "Ka san na iya karanta rajista."

"Na sani, Malam."

"Ni ban tambayar wa yay yi. Abin da nike tambaya, mi yab bari anka yi. Ƙohwar da ba ta da sakata, ba a hushi da iska. Laihina na, da na bar manhajar da ba ta tambayar mutum kahin ta yi magana da duniya. Amma kai ma ba waliyyi ba na, in ban da suna. Juma'a ka taɓa ta. Ba ka duba jeri ba. Kuma ƙa'idar suruki..."

"Na karanta masa ita har gida."

"Ka aika mai dai. Ko manzo ba ka nema ba."

A Maiyama, Mufida ta kunna waya ta tarar da saƙonsa guda ɗaya:

"Hasken Allona, ke na rubuta wa, ke kaɗai. Kuskurena ne ya kai shi ga jama'a. Ki yafe mini kunyar da na jawo wa gidanku. Kada ki damu da komai."

Ta amsa: "Ni na bar ta a jerin gaske ranar Alhamis, ko ba haka ba?"

"Ban san zancen ba."

"Waliyyu, ka iya rubuta manhaja amma ba ka iya ƙarya ba. Na kira Malam. Ya ce shi ba ya faɗin suna, amma rajista ba ta jin kunyar kowa."

"To ki bar shi a haka. Ni an gama yi mini dariya, ba ta ƙaruwa. Ke kuwa ba a fara ba. Don Allah, Mufi."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Hanya mai sauƙi tana gabanta: ta yi shiru, sunanta ya tsira, shi ya rasa aiki, ita ta rasa shi.

Ranar Lahadi da hantsi ta sami mahaifinta a bayan gida, wajen rudu, rumfar karan da ake ajiye albasa ta sha iska. Yana tsugune yana tsince ruɓaɓɓu da hannunsa, aikin da bai taɓa yarda wani ya yi masa ba. Ta durƙusa.

"Baba, ina da magana."

"In ta yaron nan ta, na rufe."

"Tawa ce. Manhajar tana da hanya biyu, ɗaya zuwa wayar ofis, ɗaya zuwa jama'a. Ranar Alhamis ni na buɗe ta jama'a, na yi saurin mota, ban rufe ba, ban rubuta a littafi ba. Shi ya zo ya tarar da littafi babu komai. Saƙon ni ya rubuta wa, a wayar da ni kaɗai nake dubawa. Ni na kai ka bakin masu dako, Baba, ba shi ba."

Albasar da ke hannun Alhaji ta faɗi ta gangara.

"Ke?"

"Ni."

"Shi ya san haka?"

"Tun ranar Juma'a."

"Kahin mu zauna da shi?"

"Kafin nan."

Alhaji Sahabi ya zauna daɓas a kan buhu. "Na ce mai jaki. Gaban mutum goma. Na tambaye shi da bakina ko da hannun wani, yad dube ni yac ce shi ɗai na." Ya girgiza kai. "Kalma guda ta ishe shi ya wanke kanshi."

"Har roƙona ya yi kada in faɗa."

"Shi kuma Idris, da yaj ji abin kunya ya shahi gidana, bisa buhu yah hau."

Mufida ta ɗauko albasar da ta gangara ta mayar cikin sauran. Akwai lokacin da mai hankali ke barin uba ya yi lissafinsa shi kaɗai.

"Tashi ki tahi ciki," ya ce a ƙarshe. "Gobe ki shirya, ni zan kai ki aiki."

Safiyar Litinin Waliyyu ya zo kwashe kayansa. Kayan ba su da yawa: kofi, darduma, da littafi biyu. Malam Gado yana tsaye gaban ƙofa da alli, yana ƙara sabuwar ƙa'ida, sai suka ji takun mutum mai nauyi a kan bene, yana hawa yana haki.

Alhaji Sahabi ya shigo da babbar riga fara sol. A kansa kuwa sabon rawani ne, mai launin ɓawon albasa. Mufida tana bayansa, kanta a ƙasa.

Kofin ya kuɓuce daga hannun Waliyyu. Allin Malam Gado ya karye.

"Kai na Waliyyu?" in ji Alhaji, kamar bai taɓa zaginsa ba.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ciro waya, ya nisanta ta da ido. "Wanga saƙo, sunan wa ag gare shi?"

"Naka ne, ranka ya daɗe."

"Kac ce in an amince a zo ohis ran Litinin da wanga launi a kai. Yau wace rana?"

Waliyyu ya dubi Malam Gado, don ya manta.

"Litinin," in ji Malam.

"To ga ni. Shago huɗu na shiga kahin in samu launin. Ni anka tambaya, kuma daman ni ya kamata a tambaya. Ka turo magabatanka Maiyama." Ya gyara zaman rawanin. "Jiya na koma wurin dattawa na hwaɗa masu na zagi mutum bisa kuskure, kuma laihin na gidana na. Ban ce masu wa ba, su ma ba su tambaya ba. Aikinka shina nan. Ni kuma ka yahe mani jakin."

Waliyyu ya durƙushe. Sai hawaye.

"Tashi, tashi. Na ce ban ga abin da kake da shi a hannu ba. Na ga na ƙirji. Amma in ka sake aiko mani irin wagga magana, kotu za ta raba mu."

Mufida ta ratsa ta bayansu, ta buɗe littafin miƙa aiki, ta rubuta kwanan wata. A ƙasa ta sa: "Saƙo ya iso, ta doguwar hanya. An amince." Ta tura masa littafin ba tare da ta dube shi ba.

Aka ɗaura aure a Maiyama bayan an kwashe albasar bana. Ba a buga kati ko ɗaya ba, amma masallaci ya cika har titi, domin manoma sun ce su aka fara nema, dole su zo su ga wadda ta kayar da su. Rabinsu da huluna masu launin ɓawon albasa. Gwaggo Gudiya ta zo a bayan babur, ta kama hannun amarya ta ce ta janye, amma ba don an fi ta kyau ba. Bushira ce babbar ƙawa. Idris ya aiko cewa motarsa ta lalace a hanya.

Malam Gado ya yi wa manhajar gyara. Yanzu kafin ta aika komai sai ta tambaya da jan rubutu, "Mutum dubu da ɗari huɗu za su karanta wannan. Ka tabbata?" Ya ce da za a sa wa bakin mutane irinta, da alƙalai sun huta.

Da aka kai amarya Jega Firchin, Alhaji Sahabi ya riƙe su a zaure ya yi musu addu'a. Ya ce Allah ya sa su rufa wa juna asiri kamar yadda suka fara, ya ba su zuriya mai albarka, ya kuma ba su tsawon kwana tare, don shi ne abin da ba a saye a kowace kasuwa. Jama'a suka ce amin. Waɗanda suka san nauyin addu'ar ta ƙarshe suka fi kowa ɗaga murya.

Da mutane suka watse, Mufida ta tarar da tsohuwar wayar nan mai ɗaurin roba a kan matashinta. Malam Gado ya ba su ita gudummawa. Saƙo ɗaya ne a ciki.

"Mufida, wannan ba gwaji ba ne."

Ta dubi mijinta. "Ka duba jeri kafin ka aika?"

"Sau uku," ya ce. "Mutum ɗaya ne a ciki."